Yadda ake jinyar ciwon ido na Apolo a gida

Duk wanda ya tashi a Kano ya san Apolo. Yaro ya kwanta lafiya ƙalau, gari na wayewa kwantsa ta liƙe masa ido ya kasa buɗewa, farin idon ya yi jawur, yana kukan kamar an watsa masa yashi. Kafin kwana uku ya zagaye gida. Sunan ya samo asali ne a 1969, da annobar ta ɓarke a Ghana a shekarar da kumbon Apollo 11 na Amurka ya sauka a duniyar wata. Yawanci ƙwayar bairos ce ke kawo shi, kuma yakan warke da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da muke ɗiga wa idon da sunan magani.

Da farko, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa idon da bayan an taɓa. Kallon mai Apolo ba ya sa a kamu, ko da yake haka muka taso muna ji. Hannu ne ke yawo da shi: ya murza ido, ya kama buta, wani ya zo alwala ya kama butar ya shafa fuska.

Sai goge kwantsa. A tafasa ruwa a bar shi ya huce, a tsoma auduga mai tsabta, a goge daga gefen hanci zuwa waje, sau ɗaya tak, a jefar. Kowane ido da audugarsa. Kada a yi da bakin zani ko gefen mayafi. In ido ya liƙe da safe, a ɗora jiƙaƙƙiyar audugar a kai na ɗan lokaci, kwantsar za ta yi laushi, ba sai an ɓamɓare da farce ba. Don raɗaɗi da kumburi kuwa, tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a ɗora bisa rufaffen ido yana kawo sauƙi sosai.

Na uku, a ware wa mara lafiya tawul, hankici da matashin kai. Yaro ya huta da makaranta da Islamiyya har kwantsa ta tsaya. Kwalli ma a dakata, don maciyin kwalli guda da ke bi ido-ido yana iya raba ciwon ga 'yan ɗaki gaba ɗaya.

Yanzu ga inda nake roƙon iyaye mata da kakanni. Don Allah kada a sa fitsari, ko ruwan batir, ko ruwan albasa, ko nono, ko ruwan sukari. Ruwan batir asid ne, ƙona baƙin ido yake yi. Fitsarin mai ciwon sanyi kuwa yana ɗauke da ƙwayar da ke iya huda baƙin ido cikin 'yan kwanaki. Na ga wata yarinya a unguwarmu da ƙaramin jan ido ya koma mata hakiya saboda irin wannan ɗige-ɗigen, har yau da ido ɗaya take karatu, kuma wadda ta ɗiga mata ƙaunarta take yi.

Maganin kemis ma a yi hattara. A duba kwalin: in an ga dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone, kada a sa sai da izinin likitan ido. Suna kwantar da ja nan take, shi ya sa ake yabon su, amma in akwai gyambo a baƙin ido sai su ƙara rura shi, in an daɗe ana sawa kuma su jawo hawan jinin ido ko yanar ido. Irin su chloramphenicol bakteriya suke kashewa, ba sa taɓa bairos, don haka ma'aikacin lafiya ne zai ce ko ana bukatarsu. In an rubuta, kada bakin kwalbar ya taɓa ido, kada mutum biyu su yi tarayya a kwalba ɗaya, a jefar da ita bayan mako 4 da buɗewa.

A bar jinyar gida a tafi asibiti in gani ya fara dishi-dishi, ko ciwo ya tsananta, ko mutum ya kasa kallon haske, ko wani farin ɗigo ya fito a baƙin ido, ko mugunya mai kauri tana ta zuba, ko an yi mako babu sauƙi. Ga asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, ga asibitin Makka, ga sashen ido a asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano.

Jariri da bai cika wata guda ba kuwa, in idonsa ya kumbura yana fitar da mugunya, wannan ba Apolo ba ne da za a jira. Sau da yawa wajen haihuwa ya ɗauko ƙwayar, kuma tana iya cinye ido cikin kwana ɗaya ko biyu. A ranar za a kai shi, ko da ana jego, a kuma duba uwar da uban tare.