Yadda za ka hana buɗe sabon zauren WhatsApp a unguwa ba tare da rigima ba

Tun da WhatsApp ya kawo tsarin Communities (mai haɗa zauruka da yawa ƙarƙashin inuwa ɗaya) a 2022, zauruka suka yi ta haihuwa. A unguwannin Sakkwato irin su Mabera ko Runjin Sambo, sai ka ga na masallaci, na 'yan sintiri, na gyaran taransfoma, ga wani kuma ya kawo shawarar buɗe na huɗu. In kana ganin bai dace ba, ga yadda za ka yi.

Da farko, karanta sunan zauren da manufarsa da kyau. Duba ko akwai wanda ke yin aikin tuni. Zaure ɗaya na ɗaukar mutum 1,024, don haka cewa "mun yi yawa" ba hujja ba ce.

Na biyu, kuma nan ne mutane ke ɓata lamari: kada ka fara da rubutu a bainar jama'a. Kira mai shawarar, ko ka tare shi bayan La'asar. Ka ce, "Malam, Allah shi ba ka lada, amma ba ka ganin zauren sintiri ya wadatar?" Sau da yawa maganar a nan take mutuwa.

In ya dage, rubuta wa admin na Community ɗin unguwar, domin shi ke da ikon amincewa ko ƙin saka sabon zaure a ciki. Dalili ɗaya ko biyu, gajeru, ban da sunan kowa. Kada ka aika muryar minti bakwai, ba mai saurare.

Sannan ka nemi a jefa ƙuri'a a zauren da aka kawo shawarar, a sa wa'adi, misali zuwa Juma'a. In rinjaye ya bi buɗewa, ba dole ka shiga ba.