Yadda nake kiwon tsanya a bayan ɗaki saboda 'ya'yan zabbi

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san haƙar gyare. Mukan bi gona muna neman ɗan tudun ƙasar da ya turo bakin raminsa, mu haƙa da guntuwar fartanya, mu matse masa hanji, mu jefa a garwashi. Wannan babban gyaren na rami kada ka ɓata lokacinka a kansa. Kowane ɗaya da raminsa yake zaune, kuma sau ɗaya yake hayayyafa a shekara. Wadda ake kiwo ita ce tsanya, ko dai ruwan-ƙasar nan da ke kuka a bayan randa, ko kuma baƙar mai ɗigo biyu rawaya a gindin fukafukai, wadda ke taruwa ƙarƙashin fitilar titi da damina. Ni baƙar nake kiwo, don ta fi girma, ta fi saurin isa.

Abin da ya kai ni shi ne zabbi. Mai kiwon zabbi ya san makonnin farko su ne ƙiyama, 'yan tsakin sai su yi ta zubewa. Kakata gara take kama musu: ta cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karan dawa, ta yayyafa ruwa, ta kife a kan hanyar gara, da safe ta zazzage musu. A unguwar da nake yanzu siminti ya cinye ko'ina, ba shuri ba gara, ga garin kifi ya zama na masu hali. Tsanya ce ta maye mini gurbin tukunyar kakata.

Ba ni na ƙirƙiro ba. A Tailan, Jami'ar Khon Kaen ta fara koya wa manoma wannan kiwo tun ƙarshen shekarun 1990, kuma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2013 akwai gonakin tsanya kusan 20,000 a ƙasar. A yammacin Kenya, wajen tafkin Biktoriya, ana yinsa a bokitai da ƙananan akurkai na bulo. Nawa ya fi kama da na Kenya.

Ka samo babbar robar wanki mai zurfi, ko durom na roba a yanka shi biyu. Cikinsa ya zama mai santsi. Ka zagaye bakinsa ta ciki da faffaɗan salatif, don ƙananan in sun hauro su zame su koma. Murfi kuwa raga za ka ɗaura. Tsohon gidan sauro yana yi na ɗan lokaci, amma manya suna cinye shi, saboda haka ragar taga ta ƙarfe ta fi. Kuma kada ka kuskura ka sa gidan sauron asibiti mai magani. A ciki ka jera kiret ɗin ƙwai na kwali a tsaye, a jingine da juna. Nan ne ɗakunansu. In wurin ɓuya ya yi musu kaɗan, cin juna suke yi, musamman wadda ta yi saɓa jikinta bai yi ƙwari ba. Tsayar da kiret ɗin yana sa kashinsu ya zube ƙasa maimakon ya taru a cikin ramukan.

Kada ka ajiye robar a ƙasa. Ka ɗora ta kan tebur, kowace ƙafar tebur a cikin gwangwanin madara mai ruwa ko baƙin mai, kuma kada teburin ya taɓa bango. Wannan na koya da kuka. Zubina na farko, dare ɗaya kwarkwasa ta bi wata igiyar shanya da ta sauko kan murfi, da safe na tarar da kwali kawai. Ƙadangare, tsaka, ɓera da gizo-gizo duk suna so, amma raga ta ishe su. Tururuwa da danginta ne ba sa jin raga.

Iri ba sai ka saya ba. Da damina ka fita da dare inda fitila take, ko ka ɗaga bulo da tarin ciyawa da rana. Kamar talatin sun isa farawa. Mace tana da wani dogon tsinke a bayanta kamar allura, da shi take soka ƙwai a ƙasa. Namiji ba shi da shi, kuma shi ne mai kuka. Ka sa mata su fi yawa, kamar uku ga namiji ɗaya. Waɗannan na dajin ƙwai kawai nake so daga gare su, ba na ci ba na ba tsaki, don ban san gonar da suka ratso ba ko an yi mata feshi.

Ga wurin da aikin yake. Ka sami ƙaramin kwano ko gindin gorar ruwa, ka zuba yashi mai laushi kamar zurfin ɗan yatsa. Kafin nan ka kwarara wa yashin tafasasshen ruwa ka bar shi ya huce, don ya kashe ƙwan wasu ƙwarin. Ni ina gauraya shi da ƙonannen ɓuntun shinkafa, yana riƙe danshi. Danshin da ake so shi ne in ka dunƙule a hannu ya kama, amma ruwa bai ɗigo ba. Ka sa kwanon a cikin robar, ka jingina masa guntun kwali su hau. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu ka ɗauke, in ka ɗan tona za ka ga ƙwan, sirara, farare-farare kamar ƙananan ƙwayoyin shinkafa. Ka kai kwanon wata robar daban, ka rufe da tsumma, kullum ka duba. In saman ya fara bushewa ka yayyafa ruwa da yatsu, kada ka zuba. Idan wuri da ɗumi, wajen digiri 30, cikin kwana 10 zuwa 14 za ka ga abubuwa kamar kiyashi suna yawo. In ka bar kwanon wajen manya, tonewa za su yi su cinye. Kuma kowane kwano ka rubuta masa ranarsa, ka haɗa na kwana ɗaya wuri guda, don manya da ƙanana ba sa zama lafiya.

Ruwa ya fi yunwa kashe su. Ɗigo ɗaya ya isa ya nutsar da sabon ƙyanƙyasa. Ina jiƙa auduga ko tsumma mai tsabta in shimfiɗa a murfin gwangwani, kullum in canza. In sun yi mako biyu sai in koma faranti mai cike da tsakuwa, ruwan bai rufe tsakuwar ba. Kwalin kansa kada ya jiƙe. Da ya jiƙe sai fumfuna da wari, sai mutuwa.

Abinci, makonni biyun farko ina ba su abincin 'yan tsaki da aka niƙa ya yi laushi, a faranti marar zurfi. Daga nan sai in rage shi in ƙara dusar masara, ɗan dakakken ƙuli-ƙuli da garin zogale. Ɗanye kuma akwai ganyen kabewa, ganyen dankali, ɓawon kankana, gwanda da ta nuna ta wuce sayarwa. Abin da ya kwana ba su cinye ba a kwashe. Kabeji da latas na kasuwa na daina ba su sam, saboda feshi. Haka nan ɗakin da suke, ba fiya-fiya, ba maganin sauro na kunnawa. Ka faɗa wa mutanen gida wannan tun ranar farko. Abin da ke kashe sauro ba ya tambayar tsanya ko ta waye.

Damina ce lokacinsu. Da hunturu komai yakan tsaya cak: ƙwai ya daɗe bai fashe ba, ƙananan su ƙi girma, ga iska tana busar da yashi cikin yini guda. Ina shigar da su ɗaki, in lulluɓe rabin murfin da buhu, in akwai wuta in rataya musu ƙwan fitila mai zafi. Da bazara kuwa, watan Afrilu, roba a ƙarƙashin rufin kwano tukunya ce. Sai inuwar bishiya ko ɗakin ƙasa.

Baƙar tana isa cikin kamar mako shida, ruwan-ƙasar takan kai bakwai ko takwas. Ba ka bukatar kalanda. Ranar da fukafukai suka cika, mazan suka fara kuka har maƙwabta suna tambaya, sun isa. Ka sa musu kwanon yashi ka karɓi ƙwan zubi na gaba tukuna. Kwana biyu-uku kafin kwasa ina ba su kabewa zalla, dabarar mutanen Tailan ce, tana gyara ɗanɗano. Yinin ƙarshe kuma ruwa kawai, cikinsu ya wanke. Da sassafe, sanyi bai sake su ba, sai in ɗaga kiret ɗaya-ɗaya in kakkaɓe a bokiti mai zurfi. A wanke, a juye a tafasasshen ruwa minti biyar, a tsame. Kashin da ya taru a gindin robar busasshe ne, taki ne mai kyau, ni zogale da barkono nake zuba wa. Tsohon kwali a ƙone, a wanke roba a shanya ta a rana kafin sabon zubi.

'Ya'yan zabbi da rai nake ba su, ƙanana 'yan mako biyu ko uku, ɗan tafin hannu safe da yamma bayan sun ci abincinsu. Yadda suke bin su da gudu kaɗai ya ishe ka kallo. Sauran ina shanya su a faifai a rufe da raga har sai sun karye ƙaras, in daka, in barbaɗa a dusa. Tarwaɗa ma tana so. Kajin ƙwai kuwa kada ka janye musu garin ƙashi, tsanya ba ta da sinadarin da ke yin ɓawon ƙwai sosai.

Sai lissafi, don masu cewa wannan zai raba ka da sayen buhun abinci. Busasshiyar tsanya wajen kashi 60 cikin 100 nata furotin ne, ta fi waken soya, gaskiya ne. An kuma ƙiyasta cewa abinci kilo 1.7 ke ba da kilo ɗaya na ɗanyarta. Amma ɗanyar galibinta ruwa ne, sai ka shanya kusan kilo uku kafin ka sami kilo ɗaya. Ke nan in da abincin kanti zalla ka ciyar da ita, ka zuba kilo biyar ka kwashi ɗaya, gara ka ba kajin kai tsaye. Ribar tana wurin dusa da ganyen da ba ka saya ba, da kuma 'yan tsakin da suka tsallake makonnin farko. Mai kaji dubu ba nasa ba ne wannan. Mai zabbi talatin, nasa ne.

Batun ci kuma. Mu da muke sayen soyayyiyar fara a ƙulle a Kano da Maiduguri da Maraɗi ba mu da bakin yi wa tsanya ƙyama, Turawa ma Tarayyarsu ta amince da sayar da ruwan-ƙasar nan a matsayin abinci tun 2022. Fara nassi ya halatta ta. Sauran ƙwari malamai sun saɓa, Malikiyya sun fi sauƙaƙawa, don haka ka tambayi malaminka kafin ka ɗora kasko. Wanda jatan lande ko ƙaguwa ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi ya nisance ta, dangin juna ne a wannan. Suyarta irin ta fara ce: bayan tafasawa a cire ƙafafun baya masu ƙaya da fukafukai, a tsane ruwan, a zuba a kasko da mai kaɗan, don tana da nata man. In ta yi ja a sa gishiri da yajin ƙuli, a matsa lemon tsami. Wadda aka busar a sa a kwalba mai murfi, kada ta wuce 'yan makonni, man jikinta yana sa ta yin wari. A gidana dai ba ta taɓa kaiwa nan ba, yara ke wawashe ta tun a kasko, sai na ɓoye rabon zabbi a saman kabad.