Yadda ake taimaka wa kaji da ruwan kuka da zogale a lokacin bazara

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, mai kiwon kaji ba ya da kwanciyar hankali. Kaza ba ta yin gumi. Sai ka gan ta ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ta ƙi cin abinci, ƙwan da ta saka kuma ɓawonsa ya yi laushi.

Fara da ruwa. Cika randa tun da dare, ka ajiye ta a inuwa. Ruwan jarka da ya wuni a rana kaji ba sa sha, ko me ka zuba a ciki.

Da asuba sai ka ɗauko 'ya'yan kuka, wato farin garin nan mai tsami da ake damawa da nono, ba garin miyar kuka ba. Yana da bitamin C sosai. Jikin kaza na yin nasa, amma in zafi ya tsananta ba ya wadatar da ita. Ni nakan jiƙa cikin hannu ɗaya a bokitin ruwa, in bar shi ya narke, in tace da mataci don kada ƙwallaye da zare su toshe mazubin ruwa. A ba su kafin rana ta take. Abin da ya rage da yamma a zubar, a wanke mazubi, domin saurin lalacewa yake yi. In babu kuka, jiƙon soɓorodo marar sukari ko ɗan ruwan lemun tsami ya wadatar.

Zogale kuma a shanya shi a inuwa, a daka, a barbaɗa kaɗan a cikin abinci. In ya yi yawa sai su ƙi ci. Abincin ma a ba su da sassafe da kuma yamma, tunda narkar da shi na ƙara wa jiki zafi.

A shimfiɗa ganyen darbejiya ko karan dawa a kan kwanon akurki, a rage cunkoso.

Ranar allurar rigakafin da ake sawa a ruwan sha, kada a haɗa da wani abu mai tsami. In kuwa ka ga koren zawo ko wuya na murɗewa, wannan ya wuce zafi, sai a kira likitan dabbobi.