Yadda Ake Rubuta Ƙa'idojin Aiki a Asibitin Kuɗi

Yawancin rigimar ƙananan asibitocin kuɗi daga "ai ba a gaya min ba" take farawa. Mai asibiti ya faɗi doka da baki ranar ɗaukar aiki, bayan wata shida kowa ya tuna ta yadda ta yi masa daɗi. Shafi takwas zuwa goma sun isa, muddin kowace ƙa'ida ta faɗi wa zai yi me, kuma yaushe.

A fara da miƙa aiki, don nan ne ɓarna ta fi aukuwa. "A riƙa zuwa da wuri" ba ƙa'ida ba ce. A rubuta lokutan ƙarara, misali safe 8 zuwa 2, rana 2 zuwa 8, dare 8 zuwa 8. Nas ba za ta tafi ba sai ta zagaya gado-gado da wadda ta karɓe ta, sun ƙirga allurai masu ƙarfi na kashe ciwo irin su pentazocine tare, duka biyun sun sa hannu a littafi. Makullin kabad ɗin alluran ya zauna a hannun mutum ɗaya. In yana rataye a ƙusa, ranar da kwalba biyu suka ɓace babu wanda za a tambaya.

Sai sirrin majinyaci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta shi a Najeriya, amma a fayyace: ba ɗaukar hoton fayil a waya, ba faɗin sakamakon gwaji ga kowa sai da izinin mai shi, ko da mai tambayar surukar majinyacin ce. Dokar ta kuma hana ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, saboda haka mai karɓar kuɗi ya gani a rubuce cewa a fara taimako, maganar kati ta biyo baya.

Ma'aikacin da allurar da aka yi wa majinyaci ta soka ya wanke wurin da sabulu da ruwa, ya sanar nan take. Maganin kariya daga HIV ba ya jiran Litinin, cikin awa 72 ake fara shi.

Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku, hutun shekara aƙalla kwana shida na aiki, na haihuwa mako 12. Jadawalin aikin Sallah kuwa a lika shi tun saura wata guda.

Ladabtarwa ta bi mataki: gargaɗin baki, takardar tuhuma da awa 48 don ba da amsa, dakatarwa, sannan kora. Ɗan 'yar mai asibiti ma haka, in ba haka ba sauran za su ɗauki ƙa'idojin a matsayin ado kawai.

Masu shara da masu gadi a karanta musu da Hausa. Kowa ya sa hannu a kwafi biyu, ya tafi da ɗaya, ɗayan ya shiga fayil ɗinsa tare da kwafin lasisinsa in mai lasisi ne.