Darasi na Bakwai: Tayar da Injin Dizal da Kashe Shi

Injin dizal ba shi da filogi mai tartsatsi irin na fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafi, sai a feso man gas cikinta ya kama. Shi ya sa yake nawar tashi da sanyin safiya.

Kafin ka taɓa makulli, ɗaga bonet. Zaro sandar awon baƙin mai, ka goge ta da tsumma, ka mayar, ka sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamu biyun da ke jikin sandar. Ruwan lagireto kuwa, tun injin yana da sanyi ake duba shi. In ya ɗau zafi, kada ka kuskura ka buɗe murfin, tururi zai saɓule maka fata.

Ja birkin hannu, sa giya a furi, taka kuloci. Murɗa makulli mataki ɗaya, ka dakata. Za ka ga wata 'yar fitila mai siffar murɗaɗɗiyar waya. Alamar hita ce, wadda take ɗumama cikin injin, sai fitilar ta mutu za ka tayar. In bai tashi cikin daƙiƙa 10 ba, saki makulli ka jira rabin minti, kada sitata ta ƙone.

Da ya tashi, zuba ido kan jar fitilar baƙin mai. In ta ƙi mutuwa bayan 'yan daƙiƙoƙi, kashe injin nan take. In ta mutu, bar shi a silo, wato yana aiki a tsaye ba a ba shi wuta ba, minti ɗaya ko biyu, sannan ka ja a hankali. Man da ya kwana a ƙasa bai gama zagayawa ba, don haka banda taka totur. Kuma kada ka yi wannan ɗumi a rufaffen gareji, hayaƙin salansa yana kisa.

Wajen kashewa ne direbobi da yawa suke cutar injin. Sai mutum ya iso, ya ba shi wuta "vuum", ya zare makulli. Daina wannan, don Allah. Turbo, wato na'urar da take cusa wa injin ƙarin iska, yana iya juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma baƙin mai ne yake sanyaya shi. Da ka kashe, man ya tsaya, shi kuwa yana nan yana juyi da zafinsa, man da ya rage cikinsa ya ƙone. Bayan doguwar tafiya ko jan kaya, bar injin a silo minti biyu zuwa uku. Sannan ka kashe, ka ja birkin hannu, in a gangare ne ka sa weji.