Yadda ake zaɓen ƙaramar kwaleji a Amurka ga ɗalibin da ke son haɗa karatu da wasa

Matakin farko shi ne ka gano rukunin da makarantar take ciki, domin shi ne zai nuna maka yadda lokacinka zai kasu da kuma inda kuɗin karatunka zai fito. Tun shekarar 1973 hukumar NCAA, mai kula da wasannin kwalejoji a Amurka, ta kasa makarantunta gida uku, kuma ƙananan kwalejoji da yawa suna rukuni na uku, wanda ya ƙunshi makarantu sama da 400. A wannan rukuni ba a ba ɗalibi tallafin karatu saboda wasa. Abin da ake dubawa shi ne ƙoƙarinsa a aji ko kuma ƙarfin aljihun iyayensa. Wasu suna ganin hakan naƙasu ne, amma a ganina nan ne alherinsa yake, saboda ko ka ji rauni ko ka jingine wasan, tallafinka yana nan daram. Wanda kuwa ba shi da makawa sai ya dogara da kuɗin wasa, sai ya duba makarantun NAIA, wata ƙungiyar wasannin kwalejoji daban da NCAA, waɗanda suke bayar da irin wannan tallafi.

Daga nan sai ka ajiye maganar wasa gefe, ka bincika karatun shi kaɗai. Kwalejoji irin su Williams da Amherst a jihar Massachusetts ɗalibansu ba su wuce kimanin 2,000 ba, don haka malami yakan san ɗalibinsa har da sunansa, sai dai ba kowane fanni ake koyarwa a irin waɗannan makarantu ba, musamman injiniyanci. Ka tambayi kanka tsakani da Allah: da a ce ka karye a makon farko, likita ya hana ka wasa har abada, za ka yarda ka zauna shekara huɗu a wannan wuri? Idan amsar a'a ce, ka cire makarantar daga lissafi.

Mataki na uku shi ne ka rubuta wa mai horarwa da kanka, ka haɗa da bidiyon wasanka da sakamakon jarrabawarka ta WAEC. Kada ka tsaya ga yabon da zai yi maka. Ka tambaye shi awa nawa ake atisaye a mako, kwana nawa ake fashin aji saboda tafiye-tafiyen gasa, da abin da ake yi idan atisaye ya zo daidai da lokacin shiga ɗakin gwaje-gwaje. Ka kuma nemi magana da ’yan wasa biyu ko uku ba a gabansa ba, domin su ne suka san inda gizo ke saƙa.

Na ƙarshe shi ne kuɗi. Makarantu ƙalilan ne, irin su Amherst da Bowdoin, suke ɗaukar ɗalibin ƙasar waje ba tare da la'akari da buƙatarsa ta tallafi ba, saboda haka ka tambayi kowace makaranta tsarinta, kuma cibiyoyin EducationUSA (masu taimaka wa ɗaliban da ke son karatu a Amurka) da ke Abuja da Legas suna ba da shawara a kan haka. Mai horarwa zai iya matsa maka ka nemi gurbi ta tsarin Early Decision a watan Nuwamba, wanda yake ɗaure ka ga makaranta ɗaya idan ta ɗauke ka, don haka kada ka sa hannu sai ofishin tallafi ya ba ka ƙiyasin abin da iyayenka za su biya a rubuce.