Yadda Za Ku Fara Ware Shara a Layinku

A Kaduna, daga Rigasa zuwa Tudun Wada, ana ta tambayar yadda ake fara tara robobi a unguwa. Ga yadda ake yi:

1. A sanar da mai unguwa, a roƙi liman ya yi shela bayan sallah.

2. A nemo mai saye tukuna, ɗan gwangwan ko dillali a kasuwar Panteka, a ji kuɗin kilo. Hattara: in aka tara kaya babu mai ɗauka, wurin bola zai koma, maƙwabta su janye.

3. Kowane gida ya tanadi buhu uku: na gorunan roba, na ledar fiya wata, na gwangwani da ƙarafa.

4. A duba gindin roba. Mai lamba 1 (gorar ruwa da lemo) daban, mai lamba 2 (jarka) daban. Gauraye yana karya farashi.

5. A zubar da ragowar ruwa, a cire murfi.

6. A take gorar ta baje, buhu ya ci da yawa.

7. A shanya leda ta bushe sarai. Jiƙaƙƙiya tana wari, mai saye kuma sai ya zaftare nauyi.

8. Batir, allura, fasasshiyar kwalba da gorar maganin feshi kada su shiga buhu. Kada yara su taɓa su.

9. Kowace Asabar a haɗa kaya, a auna a gaban mutum biyu, a rubuta. Rigimar kuɗi daga nan take farawa.

10. Kuɗin a sayi safar hannu da shebur, a yashe kwata kafin damina. Kada a ƙona ledar da aka kwaso, hayaƙinta na cutar da huhu.